Star Trek ko Star Wars: Wanne Maimaicin Labarinsa Ya Fi Amfani ga Zauren Kallon Ɗalibai?

Wani aminina da ke koyar da Faransanci a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a Tawa ya kira ni nan Yamai a farkon shekarar karatu yana neman shawara. Ya saba tara ɗalibansa na ajin tarminal duk yammacin Asabar, ya haska musu fim a bangon aji da majigi, idan an gama kuma su zauna su yi muhawara a kan abin da suka gani, domin bakinsu ya saki kuma su saba da kafa hujja kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare. Bana yana so ya gwada musu almarar kimiyya, wato labaran kumbo da duniyoyin da ke bayan tamu, kuma sunaye biyu ne kowa yake ambata masa, Star Trek da Star Wars. Asabar ɗin da ke hannunsa ba za su ishe shi ya ɗauki duka biyun ba. Abin da ya ƙara sa shi jinkiri shi ne an gaya masa dukkansu ɗumame ne, labari ɗaya ake ta juyawa shekara da shekaru ana sauya masa riga. Ya ce mini, "Malam, in dai maimaici ne babu makawa, wanne ne maimaicinsa ba zai ɓata wa yarana lokaci ba?" Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, kuma tun yanzu nake sanar da mai karatu cewa zan tona ƙarshen wasu labaran, domin ba a iya auna maimaici sai an faɗi inda kowane zubi ya dire.

Wanda ya gaya masa haka bai yi ƙarya ba, amma zargin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Gizo zai yi kwaɗayi, zai ƙulla dabara, dabarar kuma za ta kai shi ko ta baro shi, duk da haka ba mu taɓa tashi daga gaban kakarmu don mun san halin Gizo ba. Tawa kanta tana da shaida a kan wannan. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a garin shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya ɗauki zubin fim ɗin kaboyi na Amurka a 1966 ya dasa shi a ƙauyen Nijar, inda samari suka sa huluna da bindigogi suka hau dawaki suka addabi dattawansu, sai aron ya zama hanyar yin magana a kan abin da kwaikwayon baƙi yake yi wa matasa. A shekarar nan ta 1966 ce Gene Roddenberry ya fito da Star Trek, wanda shi ma ya tallata wa masu gidan talabijin a matsayin labarin ayarin kaboyi da aka mayar cikin taurari. Saboda haka ma'aunin da na riƙe shi ne wannan: idan an sake ba da labari, shin zubi na biyu ya kawo tambayar da na farko bai yi ba, ko kuwa ya jingina ne kawai da ƙaunar da mai kallo yake yi wa na farko?

Na fara da Star Wars domin lissafinsa ya fi sauƙi. George Lucas ya fitar da fim na farko a watan Mayun 1977, manyan finafinan jerin kuma tara ne, uku daga 1977 zuwa 1983, uku daga 1999 zuwa 2005, uku daga 2015 zuwa 2019, jimillarsu kimanin awa 20. Labari ne guda mai tsawo na iyali ɗaya da yaƙi ɗaya, shi ya sa maimaicinsa yake fitowa fili. A 1977 Daula ta gina wani makami mai girman wata wanda ke tarwatsa duniya sukutum, ƴan tawaye suka gano raunin da ke jikinsa suka fasa shi da ƙananan jirage. A 1983 Daula ta sake gina irinsa, aka sake fasa shi. A 2015, bayan kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a 2012 a kan dala biliyan huɗu da ɗoriya, sai aka mai da wata duniya gaba ɗayanta makami, aka kuma sake fasa ta. Fim ɗin 2015 bai tsaya nan ba: an ɓoye sirri a cikin ɗan ƙaramin mutum-mutumi, ya faɗa hannun matashiyar da ta tashi ba iyaye a duniyar rairayi, ta gudu a cikin tsohon kumbon nan da aka sani, ta ga an kashe dattijon da ta fara ɗauka kamar uba a gaban idonta. Duk wanda ya kalli na 1977 zai iya lissafa waɗannan matakai kafin su iso.

Sai dai rashin adalci ne a ce duk maimaicin Star Wars na kasala ne. Lucas ya gina ukun tsakiya, waɗanda suka koma baya ga ƙuruciyar uban jarumin ukun farko, da gangan domin rayuwar uba ta zama madubin rayuwar ɗa, kuma akwai wuri ɗaya da hakan ya yi kyau matuƙa. A fim ɗin 2005, Anakin, wato uban, ya kayar da abokin gaba ya rage ba shi da makami, Palpatine, mugun da zai zama sarkin Daula, yana zaune yana zuga shi ya kashe shi, ya kuma kashe. A fim ɗin 1983, Luke ɗan Anakin ya tsinci kansa a irin wannan hali, mahaifinsa yana kwance a ƙasa ya yanke masa hannu, Palpatine ɗin nan dai yana zuga shi, sai ya jefar da takobinsa ya ƙi. Jarrabawa ɗaya ce, mai jarrabawar ma ɗaya, amsar ce ta bambanta, kuma daga wannan bambanci ne dukkan jerin yake samun ma'anarsa. Abin takaici shi ne fim ɗin 2019 ya dawo da Palpatine da rai bayan an nuna mutuwarsa a 1983, wanda hakan ya rage darajar sadaukarwar da uban ya yi lokacin da ya jefa shi rami don ceton ɗansa. A ganina wannan ne mafi munin maimaici a jerin, domin ya koma baya ya ci daga abin da aka riga aka gina.

Star Trek wani irin gini ne dabam, dalilin maimaicinsa ma dabam ne. Shirin talabijin ne tun asali, ya fara ranar 8 ga Satumban 1966 a tashar NBC, ya yi zango uku da kashi 79 aka dakatar da shi a 1969. Da ya dawo talabijin a 1987 bai sake sauka ba sai 2005, kuma a cikin shekarun nan 18 an yi shirye-shirye huɗu: The Next Generation mai kashi 178, Deep Space Nine mai 176, Voyager mai 172, da Enterprise mai 98, wato kashi 624 ke nan. Yawancin zanguna kashi 26 ne a shekara, kuma akwai shekaru bakwai da shirye-shirye biyu suke tafiya a lokaci guda. Babu ɗakin marubutan da zai haifi sabon tunani fil duk mako a irin wannan gudu, ballantana kuɗin gina sababbin wurare ba kullum suke samuwa ba. Wani lokaci ma dole ce tsagwaronta: yajin aikin marubutan Amurka na 1988 ya sa aka zaro wani rubutu da aka shirya tun ƙarshen shekarun 1970 domin wani shirin Star Trek da ba a taɓa ɗauka ba, aka sauya sunayen mutanen ciki, aka buɗe zango na biyu na The Next Generation da shi, shi ne kashin da ake kira The Child.

Daga wannan matsi ne raunanan maimaici suka fito, kuma ban ɓoye wa aminina su ba. A 1966 an yi The Naked Time, inda wata cuta ta shiga kumbo ta kwance wa ma'aikata linzamin kunya kamar masu maye, har Spock, mataimakin kyaftin ɗin kumbon, wanda ya gina rayuwarsa a kan danne motsin zuciya, ya kulle kansa a ɗaki yana kuka don bai taɓa iya gaya wa mahaifiyarsa yana ƙaunarta ba. A 1987 aka sake shi da sunan The Naked Now, nan da nan bayan kashin buɗe sabon shirin, har mutanen ciki suna binciko a kundin tarihi cewa irin wannan ya taɓa faruwa a kumbon Kyaftin Kirk, jagoran shirin 1966. Amma zubin na biyu ya fi karkata ga raha da sha'awa, bai tono wani ciwo mai zurfi irin na Spock ba, kuma akwai wurin da bai dace a haska wa ɗalibai a aji ba. Haka fim ɗin silima na farko na 1979 ya ɗauki ƙashin bayan wani kashi na 1967 mai suna The Changeling: na'urar bincike da mutanen duniya suka harba tun da daɗewa ta haɗu da fasahar baƙi, ta yi ƙarfin da ya wuce misali, ta dawo tana neman wanda ya ƙera ta. Abin da aka ba da cikin minti 50 sai aka shimfiɗa shi ya haura awa biyu, yawancinsa kallon kumbo yana ratsa gajimare. Ƙarshensa ya fi na 1967 tunani, tunda maimakon a ruɗa na'urar ta hallaka kanta sai ta haɗe da ɗan Adam, amma ɗalibin da ya wuni a aji zai yi barci kafin a kai can.

Misalin da ya fi koyar da bambancin maimaici mai rai da marar rai shi ne na Khan, kuma a kansa na fi daɗewa da aminina a waya. A kashin Space Seed na 1967, Kirk ya farkar da Khan daga dogon barci, wani azzalumin shugaba da aka inganta halittarsa, mutumin ya yi yunƙurin ƙwace kumbo ya kasa, sai Kirk ya sauke shi da mutanensa a wata duniya marar kowa ya ce su gina rayuwa a can. Shekara 15 bayan haka, a 1982, fim ɗin The Wrath of Khan ya dawo da mutumin da ɗan wasan da ya fito a matsayinsa tun farko, Ricardo Montalbán, ya kuma yi tambayar da ba a yi ba a 1967: wa ya koma ya duba halin da suke ciki? Babu wanda ya koma. Duniyar da ke maƙwabtaka da tasu ta fashe, ƙasarsu ta zama kufai, matar Khan ta mutu, hukuncin da Kirk ya ɗauka rahama ce ya zama kabari. Farashin wannan sakaci shi ne ran Spock, wanda ya shiga ɗakin injin da ke cike da tururin guba ya gyara shi, ya mutu yana magana da amininsa ta bayan gilashi, bayan masu kallo sun shafe shekara 16 suna ganin abotarsu. Sai da aka jira fim na gaba a 1984 kafin a dawo da shi.

A 2013 darakta J.J. Abrams, wanda shi ne kuma ya ba da umarnin Star Wars na 2015, ya sake wannan labari a Star Trek Into Darkness da sababbin ƴan wasa matasa. Ya juya wurin gilashin, Kirk ne ya shiga ya mutu, Spock yana waje. Dabarar tana da kyau a takarda, amma waɗannan biyun fim ɗinsu na biyu ke nan tare, abotarsu ba ta yi tsawon da za ta ɗauki nauyin wannan kuka ba, kuma kafin fim ɗin ya ƙare an riga an farfaɗo da Kirk da jinin Khan. Wanda ya san na 1982 yana jin motsi a ransa, amma motsin na tsohon fim ne da aka tuna masa. Wanda bai san shi ba, kamar ɗaliban Tawa, zai ga ana ta yi wa wani suna kirari bai san dalili ba, domin a wannan zubi babu wata tsohuwar gaba tsakanin Khan da Kirk. Wannan da Star Wars na 2015 ciwonsu ɗaya ne, suna cin bashi daga zuciyar tsohon mai kallo ba su biya ba.

Inda Star Trek ya yi wa Star Wars nisa shi ne wuraren da ya ɗauki dabara ɗaya ya yi ta jujjuya ta har ta ba da tambayoyi mabambanta. Akwai na'urar da ke narkar da mutum a kumbo ta sake haɗa shi a doron wata duniya, wadda tun farko aka ƙago ta don kauce wa tsadar nuna saukar kumbo duk mako. Lalacewar wannan na'ura tana cikin abubuwan da aka fi maimaitawa a jerin. A 1966, cikin The Enemy Within, ta raba Kirk gida biyu, mai tausayi da mai zafin rai, sai aka ga mai tausayin ba ya iya yanke hukunci in babu ɗan'uwansa, wato shugabanci yana buƙatar ɓangaren da mutum yake jin kunyarsa. A 1993, cikin Second Chances, aka gano ta taɓa yin kwafin Riker, mataimakin kyaftin a The Next Generation, ta bar ɗaya shi kaɗai a wata tasha shekara takwas, kowannensu Riker ne na gaskiya, amma ɗaya ya samu girma a aiki, ɗayan kuma ya zauna da son matar da na farkon ya bari. A 1996, cikin Tuvix, ta haɗe mutum biyu suka zama sabon mutum guda mai hankalinsa da son ransa, da aka samo hanyar raba su sai ya ce ba ya so ya mutu. Likitan kumbon ya ƙi yin aikin, Kyaftin Janeway ta yi shi da hannunta domin ta dawo da ma'aikatanta biyu. Har yau masu kallo ba su daina gardama a kan ko ta yi kisan kai ba. Na ce wa aminina ya duba wannan da idon malamin da ɗalibansa suke karatun falsafa a bana: mene ne mutum, me ya sa ni nake ni, shin ana kashe ɗaya don a ceci biyu? Haɗari ɗaya ne aka maimaita sau uku, amma darasi uku ne.

Haka shari'ar mutum-mutumi. A The Measure of a Man na 1989, wanda Melinda Snodgrass, tsohuwar lauya, ta rubuta, wani masani ya nemi a ba shi Data, mutum-mutumin da ke aiki a kumbon, ya warware shi don ya ƙera irinsa da yawa, aka zauna kotu a tantance ko Data dukiyar rundunar ce ko yana da ikon ƙi. Abin da ya juya shari'ar shi ne lokacin da aka tuna wa Kyaftin Picard, mai kare Data, cewa ƙera dubban halittu masu hankali don su yi aikin da ba wanda yake so, ba tare da an tambaye su ba, yana da suna a tarihin ɗan Adam, sunan kuwa bauta. A 2001 Voyager ya sake zaman kotun a Author, Author, wannan karo a kan likitan da aka yi da haske da manhajar kwamfuta, wanda ya rubuta labari mai buga littattafai ya fitar ba da izininsa ba. Alƙalin bai yarda ya kira shi mutum ba, ya dai amince cewa mawallafi ne mai iko a kan aikinsa, kashin kuma ya rufe da nuna sauran kwafinsa suna haƙar ma'adinai a rami. Na biyun bai kai na farko ƙarfi ba, amma ya nuna cewa nasarar kotu ɗaya ba ta ƴantar da kowa, kuma a zamanin da ɗalibai suke tambayar manhaja ta rubuta musu aikin gida, tambayar wane ne mawallafi ba ta yi musu nisa ba.

Akwai wasu tagwaye biyu da zan ambata a gurguje. The Inner Light na 1992 ya sa Picard ya rayu shekaru masu yawa cikin minti 25, ya zauna da iyali har ya ga jika a wata duniyar da ta mutu tun shekara dubu, ya farka da kewa da sarewa a hannu. Hard Time na 1996 ya ɗauki dabarar nan ya mai da ita azaba, aka dasa wa injiniya O'Brien tunanin zaman kurkuku na shekara 20 cikin ƴan sa'o'i, ya koma gida da laifin da ya aikata a wurin da bai taɓa wanzuwa ba. Sai kuma Balance of Terror na 1966, wanda shi kansa aro ne daga finafinan farautar jirgin ƙarƙashin teku na yaƙin duniya na biyu, inda Kirk ya bi kumbon abokan gaba ya hallaka shi ya hana yaƙi. A 2022 shirin Strange New Worlds ya sake wannan rana a kashin A Quality of Mercy, ya ɗora Kyaftin Pike mai sassauci a kan kujerar Kirk, ya nemi sulhu, sulhun kuma ya jawo yaƙin da ake gudu. Ban yarda da duk abin da kashin yake nufi a kan sassauci ba, kuma wannan rashin yarda ne ya sa nake ganin ya cancanci muhawarar aji.

To, ba a nan lissafin ya ƙare ba, domin akwai abubuwan da Star Wars ya fi dacewa da su a zaure irin na Tawa. Labarinsa da ido ake bin sa, ɗalibin da Faransancinsa bai nuna ba zai gane wa ake bi, wa ke gudu, wa ya ci amana. Duniyar rairayin da Luke ya tashi a cikinta a kudancin Tunisiya aka ɗauke ta, sunanta ma daga garin Tatawin aka samo shi, saboda haka yaron da ya san hanyar Abalak ko ya ga guguwar rani a Adar zai ji kamar a bayan gari ake wasan. Star Trek kuwa magana ce ta yi masa yawa, rabin ƙarfinsa yana cikin zaman shawara da zaman kotu, kuma kayan wasan 1966, duwatsun kwali da rigunan launi, za su iya sa samarin da suka saba da finafinan yau su yi dariya kafin su kai ga ma'ana. Malami zai buƙaci ya share fage da bayanin minti biyar kafin ya kunna. Sannan wanda yake son Star Wars marar ɗumame yana da Andor, shirin talabijin mai kashi 24 da aka yi tsakanin 2022 da 2025, wanda ya bar mayaƙan takobin haske ya koma kan yadda talaka yake zama ɗan tawaye, sai dai labari ne mai sarƙa da ba a tsallake kashi a cikinsa, kuma ya fi dacewa da manya.

Ta fuskar tsarin lokaci kuwa, Star Trek ne ya dace da Asabar ɗin malami. Kashi ɗaya minti 45 ne zuwa 50, yawancinsu kuma kowanne yana tsaye da ƙafarsa, don haka ɗalibar da aikin gida ya hana ta zuwa makon jiya ba ta rasa zaren ba. Ana iya kallon kashi ɗaya bayan la'asar a yi muhawara a tashi kafin magariba, kuma idan wuta ta ɗauke a watannin zafi, abin da aka rasa kaɗan ne. Kowane fim na Star Wars ya haura awa biyu, zai cinye yammacin gaba ɗaya ya bar muhawarar ba wuri, wanda ya rasa na tsakiya kuma ya rasa sirrin da na ƙarshe ya dogara a kansa. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne malami ya fara kallo shi kaɗai. A Star Wars na 1983 akwai shigar da aka yi wa Gimbiya Leia a fadar wanda ya kama ta wadda iyaye ba za su so ba, a tsohon Star Trek tufafin mata gajeru ne, a Into Darkness akwai ɗan wurin da ya kamata a tsallake, Hard Time kuma ya kai ga yunƙurin mutum ya kashe kansa, abin da ke buƙatar malami ya shirya yadda zai yi magana a kansa da matasa.

Shawarar da na yanke masa ita ce ya ɗauki Star Trek, amma kada ya bi shi daga kashi na ɗaya zuwa ƙarshe, domin a nan ne maimaicin zai gundure su. Ya bi shi tagwaye-tagwaye, wannan Asabar tsohon zubi, mai zuwa sabon zubi, ta uku kuma ɗalibai su kawo a rubuce abin da aka riƙe, abin da aka sauya, da wanda nauyin hukunci ya koma kansa. Da haka abin da aka kawo masa a matsayin aibi shi ne zai zama darasin. Star Wars ya ajiye shi sai an gama jarrabawa, ya haska uku na farko, 1977 da 1980 da 1983, a matsayin shagalin rufe shekara, in kuma lokaci ya ragu ya ƙara na 2005 don su ga jarrabawar uba kusa da ta ɗa. Na 2015 da na 2019 ba su da abin da za su ƙara wa wanda ya ga waɗannan. Wanda kuwa yake neman abin kallo shi da iyalinsa a gida, ba muhawara ba rubutu, to na juya masa shawarar, ya fara da Star Wars.

Ya tambaye ni da wanne zai buɗe. Na ce da The Measure of a Man, domin kotu abu ne da kowane ɗalibi ya san siffarsa, kayan wasan 1989 kuma ba za su ba su dariya ba, sai Author, Author ya biyo baya. Daga nan ya shiga ukun na'urar nan, ya ajiye Tuvix a ƙarshe ya raba ajin gida biyu, masu kare Janeway da masu tuhumarta. Space Seed da The Wrath of Khan su zo a hutun tsakiyar shekara lokacin da zai samu yammaci mai tsawo, sannan ya haska musu wurin gilashin nan na 2013 shi kaɗai, ƴan mintuna, nan take bayan na 1982, ya bar su su faɗa da bakinsu wanne ne ya taɓa su.